Kayan da mai saƙa a gida ya kamata ta tanada

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara koyon saƙar hular jarirai da safa, kuma ina son in san kayan da ya kamata in fara ajiyewa, domin kuɗin hannuna ba su da yawa.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki fara da kwarashi biyu, siriri da mai kauri, da ulu kala uku, da basilla don ɗinke bakin aiki, da tef na awo. Idan za ki sayi ulu, ki sayi wanda zai ishe ki gama aikin a lokaci guda, domin ni na taɓa komawa kasuwa neman ƙari, na tarar launin ya ɗan bambanta, rigar ta fito kamar an yi mata faci.

Amsa ta biyu: Hajiya ta yi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne almakashi, wanda za ki ɓoye shi daga yara, saboda yankan takarda yana dakusar da shi. Allurai da maɓallai kuwa, gwangwanin alewa mai murfi ya ishe su.

Amsa ta uku: Kada ki manta da littafin rubuta ƙidayar layuka.