Wai h-index ɗin nan shi ke nuna malami ya iya bincike?

ɗalibi_sabo:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar nan ku taimaka. Zan fara mastas a bayokemistiri, akwai malamai biyu da nake so ɗaya ya zama sufabaiza na, na duba su a Google Scholar, shafin da ke tattara takardun bincike, ɗaya h-index ɗinsa ya haura 30 ɗayan ko 10 bai kai ba, amma ɗalibai sun fi yabon na biyun. Shin lambar nan ce ma'auni ko yaya ne?

MalaminLab:
Wa alaikumus salam ƙanina. Wani masanin fisiks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ita a 2005. In aka ce mutum na da 30, to yana da takardu 30 da kowacce wasu suka ambace ta aƙalla sau 30 a nasu binciken, shi ke nan fa. Matsalar ita ce lambar ba ta sauka, kullum sai dai ta hau, wanda ya shekara 25 yana aiki dole ya wuce wanda ya gama digirin digirgir shekaran jiya ko da yaron ya fi shi kaifi. Kuma Google Scholar komai kwashewa yake har da kundin ɗalibai, ka duba su a Scopus, wani rumbun takardun bincike da ya fi tantancewa, za ka ga lambar ta ragu, can ma kana iya cire inda mutum ya ambaci kansa da kansa, wasu anan asirinsu ke tonuwa wallahi.

Ummu_Fisiks:
Ƙari akan na Malam, ka duba da su wa yake rubutun. A 2015 masu aiki a CERN, cibiyar binciken fisiks ta Turai, sun fitar da takarda ɗaya kan nauyin ƙwayar Higgs mai ɗauke da sunan mutum 5,154, kuma duk ambaton da aka yi mata kowa cikinsu ya shiga lissafinsa cif, to ka ga wanda ya shiga irin wannan gayyar lambarsa za ta yi ta tashi ko da gudummawarsa kaɗan ce. A fanninku sunan farko yawanci shi ya yi wahalar aikin, na ƙarshe shi ne mai lab ɗin, sai ka ƙirga takardu nawa sunansa ke ɗaya daga wuraren nan biyu, in kullum a tsakiya yake to akwai magana. Shi kansa Peter Higgs, masanin fisiks ɗin da aka sa wa ƙwayar sunansa, bayan aikinsa na 1964 takardun da ya fitar ba su kai 10 ba, ya ci Nobel a 2013, har ya faɗa wa jaridar Guardian cewa da a tsarin yau ne ba zai samu aikin jami'a ba don za a ce ba ya fitar da rubutu.

Abban_Sadiq:
Hajiya ki yi haƙuri, Higgs nawa ne a duniya? Kar mu ruɗi yaro. Ƙarin girma da kuɗin bincike duk da rubutun nan ake samunsu, malamin da ke fitar da takardu akai-akai tare da mutanen waje shi ne zai iya tura samfurinka inda akwai na'ura mai aiki, ya sa sunanka a takarda kafin ka gama. Ni shawarata ka duba shekara 5 ɗin baya kawai, Google Scholar na nuna su daban a gefe, sannan ka ga ko akwai sunayen ɗalibansa a takardun.

Ummu_Fisiks:
Wannan na ƙarshen na yarda da shi. Amma ya duba mujallun ma, akwai na biya-a-buga-maka da ko karanta aikin ba sa yi, sati guda sun fitar.