Mutum nawa ne a Tumfure? Ina neman adadin da zan iya dogara da shi

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga mutanen Gombe ce, musamman waɗanda suka daɗe a garin ko suka san harkar ƙidaya.

Ni malamar firamare ce, muna haya a Tumfure, ta hanyar Bauchi. Ina so in buɗe 'yar makarantar reno, aji biyu kacal, a wani gida da ke layin bayanmu, kuma mai gidan ya amince zai ba ni haya. Na je neman rance wurin wata ƙungiya mai tallafa wa mata masu sana'a, aka ba ni fom, sai wurare biyu suka tsayar da ni.

Na farko lambar yanki ta gidan waya. Na rubuta 760001 domin ita kowa ke rubutawa, daga fom ɗin banki har na jarrabawa. Maigidana ya ce ai wannan ta babban gidan wayar cikin Gombe ce, mu kuwa a takarda 'yan ƙaramar hukumar Akko ne, hedikwatarmu Kumo. Na biyu shi ya fi damuna: suna son adadin mutanen unguwa, da adadin yaran da ba su kai shekara shida ba.

Na duba intanet har na gaji. Abin da nake samu shi ne ƙaramar hukumar Gombe na da mutum kusan 270,000 a ƙidayar 2006. Tumfure kuwa ba ta ma cikin wannan lissafin. Amma ni ina ganin abin da ke faruwa da idona. Sanda muka tare, bayan layinmu gonakin gero ne da wake, da damina har tsoron barin yara su fita muke yi. Yanzu gidaje ne iya ganinka, wasu ko filasta ba a yi musu ba an shiga. Kowace safiya Keke Napep ke kwasar yara cike maƙil zuwa makarantun cikin gari, har da 'yan shekara uku masu gyangyaɗi a jikin yayyensu. Wannan ne ma ya sa ni tunanin makarantar.

Ba na so in ƙirƙiri lamba in rubuta a takardar da zan ci bashi da ita. Kuma ni kaina ina bukatar sani, domin kuɗin mutane zan ɗauka. Ina zan samu adadi na gaskiya?

Dattijon Jekadafari:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya sa albarka a niyyarki.

Maigidanki ya yi gaskiya, kuma ba ku kaɗai abin ya shafa ba. A Jekadafari aka haife ni, na kuma ga yadda garin nan ya yi wa iyakarsa yawa kamar yaron da ya girme wa rigarsa. Ƙaramar hukumar Gombe ƙarama ce ƙwarai ta fuskar fili, gundumominta 11: Ajiya, Bajoga, Bolari ta Gabas da ta Yamma, Dawaki, Herwagana, Jekadafari, Kumbiya-Kumbiya, Nasarawo, Pantami da Shamaki. Da kin wuce su kin faɗa Akko, ko Kwami, ko Yamaltu Deba, alhali a ido gari ɗaya ne, ba wani daji a tsakani.

Garin ma ai ba tsoho ba ne can. Masarautar Gombe, wadda Buba Yero ya kafa, a Gombe Abba ta fara. Turawa suka mai da hedikwata Nafada a 1913, sannan suka dawo da ita nan Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Auduga ta jawo mutane, shi ya sa har gobe muke da unguwar BCGA, sunan kamfanin gurzar audugar ne. Jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, Yarabawa da Ibo da Kanawa da Barebari suka ƙaru a kan Fulani da Bolawa da Terawa da ke nan. Amma babbar cikowa ita ce ta 1996, da aka cire jihar Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba. Ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Bauchi, babu gidajen da za su ɗauke su. Mu da muke da ɗakunan haya a lokacin mun ga abin mamaki, mutum na biyan shekara tun kafin a gama rufi. Aka zo aka buɗe jami'ar jiha a Tudun Wada a 2004, ɗalibai da malamai suka ƙaru.

Abin da ya tura mutane wajenku kuwa, fili ne da tudu. Cikin gari gangare ne, ruwan sama daga yamma yake sauko mana, shi ke haƙa kwarurrukan nan da suke cin gidaje. Wanda ya ga ambaliyar 2004 ba zai manta ba. Duk mai hali sai ya nemi fuloti a sama. 'Ya'yana biyu ma can suka yi gini, kuma duk zaɓe nan Jekadafari suke dawowa su kaɗa ƙuri'a, domin nan suka yi rajista.

Malam Mai Alli:

Baba ya gama magana kan tarihi. Ni bari in taɓa ɓangaren lissafin, domin ina cikin malaman makaranta da aka ɗauka aikin ƙidayar watan Maris na 2006.

Malama, adadin da kike nema babu shi a buge. An raba ƙasa ƙananan yankunan ƙidaya, kowane ma'aikaci da nasa, mun bi gida-gida mun rubuta. Amma sakamakon da aka fitar wa jama'a na jiha ne da na ƙananan hukumomi: jihar Gombe miliyan 2.3 da ɗoriya, sai kowace ƙaramar hukuma da nata. Mutanen Tumfure an zuba su cikin na Akko, tare da na Kumo da Pindiga da ƙauyukansu. Ba a tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba, saboda haka duk wanda ya ce miki kashi kaza na unguwarku Tangale ne ko Fulani, hasashensa ne. Ga kuma wani abu da na gani da kaina: mutane da yawa sun tafi garuruwansu a ƙirga su can, mun tarar da gidaje a kulle.

Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Lambobin da kike gani a intanet ƙiyasi ne, ana ɗora kashi uku da ɗan wani abu cikin ɗari duk shekara a kan na 2006. Wannan lissafin zai iya yin aiki ga jiha gaba ɗaya, amma unguwar da gona ce jiya, yau ta zama layuka, ba zai kama ta ba. Bai kuma san da waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa ba.

Shawarata, ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku, ki nemi mai kula da rigakafi na gundumar. Masu allurar shan inna su ne suke shiga kowane gida, su ne ke yin rubutun allin nan a jikin ƙofa, kuma suna da lissafin gidaje da na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, unguwa-unguwa. Ba cikakke ba ne, amma ya fi komai kusa da abin da kike so. Ki bi ta hannun mai unguwa, zai fi sauƙi. Kada ki dogara da rajistar rumfunan zaɓe, kin dai ji abin da Baba ya faɗa game da 'ya'yansa.

Batun lambar gidan waya, ki tambaya a gidan wayar, za su faɗa miki ta yankinku. Cikakken kwatance da lambar wayarki su za su kawo masu rancen ƙofarki.

Hajiya Ummi:

Ƙanwata, ni ban ƙi shawarar Malam ba, amma ko an ba ki adadin Tumfure duka, me za ki yi da shi? Ɗan shekara uku ba ya tsallaka titin Bauchi. Yaranki na cikin layuka biyar ko shida da ke kewaye da ke, su za ki sani.

Na yi shekaru ina sayar da kayan miya da itace a unguwar. Yawancin mazauna wajen ma'aikata ne, miji da mata duk suna fita, shi ya sa makarantar reno za ta samu shiga. Amma kuɗinsu na ƙarshen wata ne, in albashi ya makara ke ma kin makara, ki shirya wa wannan. Kuma unguwar gauraye take. Maƙwabtanmu Tangale da Waja da Tula suna da yawa, in Disamba ta yi sai su tafi Billiri da Kaltungo da sauran garuruwansu, layi ya yi tsit. Ki yanke shawara tun yanzu ko makarantar ta kowa ce ko ta Islamiyya, kada ki bar iyaye cikin ruɗu.

Sai ruwa. Tudun da Baba ya yaba, shi ne wahalarmu, domin ruwan ƙasa yana da nisa, rijiya ba ta kai masa. Na famfo daga Dadin Kowa ake turo shi, kuma ba kowane layi yake isa ba. Yara ashirin da banɗaki, ki lissafa kurar ruwa nawa za ki saya a mako kafin ki sa hannu a takardar haya.

Maman Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, Allah Ya ƙara girma da lafiya.

Hajiya, maganar ruwa ta shige ni. Na koma gidan na duba, akwai tankin ƙasa amma ya tsage, na ce wa mai gidan sai ya gyara kafin mu yi yarjejeniya. Makarantar kuwa ta kowa ce. Matar da za ta taya ni riƙe aji na biyu 'yar Kaltungo ce, tare muka yi karatun koyarwa, kuma iyayen layinmu sun san ta.

Malam, mai unguwa ya haɗa ni da mai kula da rigakafin, ta ce in dawo ranar Litinin da takardar neman izini. Kafin nan ni da abokiyar aikina mun fara bin layukan da Hajiya ta ce, muna sallama muna tambayar yara nawa ne ba su shiga firamare ba. Abin da ban zata ba shi ne yawan gidajen da ake rabawa. Ƙofa ɗaya ce daga waje, ka shiga ka tarar da iyali huɗu, kowa da murhunsa. A wani gidan mutanen Gwoza ne, tun 2014 suke nan, kakar ce ke riƙe da jikoki, ta ce tana so su yi karatu amma ba za ta iya biyan kuɗin zango a dunƙule ba. Ina tunanin in ba irinsu damar biya mako-mako.

A fom ɗin zan rubuta abin da muka ƙirga da kanmu, in faɗi layukan da muka bi da ranar da muka bi su, in haɗa da na masu rigakafi idan sun ba ni. Saura tambaya ɗaya, Malam: su masu allurar, irin wannan gida mai iyali huɗu, ɗaya suke rubuta shi ko huɗu? Ina so in sani kafin Litinin, domin kada lissafinsu da nawa su saɓa in kasa gane dalili.