Sitaj a daji ko in zauna Yamai? Ku ba ni shawara

Salamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗaliba ce shekara ta 3 fannin kiwon lafiyar al'umma nan Yamai, an ce mu zaɓi wurin sitaj na wata 2, ko dai in zauna buro nan cikin gari ina shigar da alƙaluma a DHIS2 (manhajar kwamfuta ta tattara alƙaluman kiwon lafiya) ko kuma in tafi wata CSI (cibiyar kiwon lafiya) a jihar Tawa daidai lokacin CPS, wato rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara da damina. Gaskiya raina ya fi son dajin don shekara 3 muna ta kwas ban taɓa auna hannun yaro ko ɗaya ba, amma mama ta ce ina, ɗiya mace da damina ƙauyen da ba ta san kowa ba? Waɗanda suka taɓa yi don Allah me kuka gani?

Amsa ta 1
Wa alaikis salam ɗiyata. Ni majo ce, wato shugabar CSI, na daɗe daji, ki taho. Alƙaluman da za ki zauna kina bugawa a kwamfuta ai daga rejis ɗinmu suke fitowa, in ba ki ga yadda ake cika shi da hannu ana gumi uwaye 40 na jira bakin ƙofa ba, ba za ki gane me ya sa lissafi ke zuwa da gyara ba. CPS ɗin yara ƴan wata 3 zuwa 59 ake ba, kowane wata daga Yuli, maganin ranar farko gabanki za a sha shi, na kwana 2 da suka rage a hannun uwa ake barinsa, to nan ne aikin yake, wata ta manta wata ta raba wa yayan yaron. In ya amayar nan take a sake ba shi. Yaro mai zazzaɓi kuma ba a ba shi, a tura shi a yi mai TDR, gwajin zazzaɓin cizon sauro, tukuna.

Amsa ta 2
Ƙanwata abin da anka manta a lakwal shi ne gaisuwa. Mu da munka je bara kai tsaye munka hwara shiga gidaje da takardun anket, kwana 2 ba wanda ya kula mu sai da rele, ɗan garin da ke taimaka ma ma'aikatan lafiya, ya kai mu wurin maigari da liman. Kuma tambayoyinki na Faransanci ki maida su Hausa tun kan ki taso, ki ce tamowa kowa ya gane. Da hantsi kowa na gona, ki hita da sassahe ko bayan la'asar.

Amsa ta 3
Ni dai kar a ruɗe ta. Kuɗin kar da na moto da abinci duk aljihunki ne, kuma ba ko'ina cikin jihar hanya ke da kwanciyar hankali ba, ki tambayi distirik ɗin da kyau kafin ki sa hannu. Sange ma ki ɗauko naki.

Amsa ta 4
Ki koyi zaren PB na auna damtsen yaro don gano tamowa tun yanzu, ja ƙasa da 115 mm, rawaya zuwa 125, sama da haka kore. Ki danna bayan ƙafafun yaro sakan 3, in ya lotsa duka biyu kumburi ne, wannan ba jira.

Mai tambaya
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya majo in ba damuwa zan ba mama waya ku yi magana, ƙila ta fi jin ta babba. Wurin kwana fa, cikin CSI ake sauka ko gidan mutane?