Shin kitsen damo yana sauke kumburin gwiwa?

Mai tambaya, daga Garwa: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta shekara biyu tana fama da ciwon gwiwa, wanda yake tsananta da hunturu, har ta kai ga sallah ma a zaune take yin ta. Wani mai maganin gargajiya ya sayar mana da kitsen damo a 'yar kwalba, ya ce a narka shi a cokali a riƙa murza mata safe da dare. Ta ce tana jin sauƙi, amma ina so in sani ko kitsen ne yake aiki ko kuwa murzawar ce kawai.

Ma'aikacin jinya, daga Marwa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar tana da tushe, domin masu bincike a Brazil sun shafa kitsen wani babban ƙadangaren ƙasarsu mai suna tegu a kunnen ɓerayen da aka sa ya kumbura, kumburin kuwa ya ragu, kuma suna danganta hakan da sinadaran mai irin su oleik da linoleik. Sai dai tegu daban, damo daban, kuma kunnen ɓera ba gwiwar dattijuwa ba ne. Ɗumi da tausa kaɗai suna sassauta ciwon gaɓɓai, don haka sauƙin da take ji ba hujja ba ne a kan kitsen. Kada a sha shi, kada kuma a shafa a kan rauni, saboda dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai jawo gudawa da zazzaɓi. Idan gwiwar ta yi ja, ta ɗauki zafi, ga zazzaɓi, a kai ta asibiti a ranar.

Wani ɗan'uwa, daga Njamena: Malam, ka bincika abin da ke cikin kwalbar tukuna. Na taɓa sayen irinsa, da sanyi ya sauka sai ya daskare fari fat, yana warin kitsen akuya. Da damo da guza duk suna cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya ta kare namun daji da tsirrai, wato CITES, ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, farautar fatarsu kuma ta daɗe a yankinmu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan kai ta a ɗauki hoton gwiwar, kafin nan kuma mu gwada murza man kaɗe na mako biyu, mu ga ko za ta ji bambanci.