Yaya ake rubuta lamari na gaskiya don koyarwa a aji?

Malamin tattalin arziki, Tawa:
Assalamu alaikum malamai. Na rubuta wa ɗalibaina labarin wani manomin albasa na Galmi wanda ya rasa ko ya sayar da amfaninsa a lokacin girbi, sa'ad da kasuwa take cike farashi ya faɗi, ko ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira tsada. Da na raba takardun, sai aji ya yi tsit, kowa ya riƙe biro yana jiran in faɗi amsar da za a kwafa. Ina kuskuren yake?

Malama a Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina zaton ka bayyana abin da manomin ya yi a ƙarshe, domin da zarar ɗalibi ya ga ƙarshen labari, ba shi da sauran abin yin gardama. Ka tsayar da rubutun daidai inda mutumin yake tsaye a bakin rudu bai yanke shawara ba, kuma ka ba su abin da za su auna: farashin buhu a kaka, yawan da kan ruɓe a ajiya, bashin taki da man injin ban-ruwa da ke wuyansa, da dillalin da ya zo da motar Gana yana cewa yau ko gobe. Tun a 1870, da Langdell ya fara koyar da shari'a da hukunce-hukuncen kotu a Jami'ar Harvard, tambayoyi yake jefa wa ɗalibai su yi ta kare ra'ayinsu.

Tsohon mushe (malamin makaranta), Buza:
Maganar Malama gaskiya ce, sai dai ajinmu ya sha bamban, tunda yakan haura mutum 70. Ni nakan raba su rukuni-rukuni, in bar su su tattauna da Hausa, sannan wakilinsu ya gabatar da Faransanci. Labarin da ya fi karɓuwa a wurina shi ne na layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska: da itatuwan suka girma, na wa ne itacen, na mai gona ko na gari? Ranar har bayan an tashi ba su daina musu ba.

Malamin tattalin arziki, Tawa:
Lalle na rubuta cewa ya ajiye kuma ya ci riba. Zan cire wannan sakin, in sake gwadawa ranar Litinin. Na gode ƙwarai.