Takardun bayanin manhajojin taswira sun ishi wakilin AI, ko da sauran aiki?

Injiniya: Jama'a, ni dai wannan surutu da ake ta yi cewa sai an sake rubuta takardun bayanin manhajojin taswira saboda wakilan AI, wato manhajojin da ke karanta takarda su yi aikin da kansu, bai shige ni ba. Takardar da mutum ya karanta ya gane, na'ura ma za ta gane. Ku duba ta Leaflet, manhajar nan ta nuna taswira a shafin intanet, kowane umarni ga bayaninsa ga misalinsa. Me kuma ake nema?

Malama: Injiniya, ba a nan gizo ke saƙar ba. Takardar Leaflet lafiyarta ƙalau in ita kaɗai ce, rikicin yana wurin da aka haɗa ta da wata. Leaflet latitud take karɓa kafin longitud. GeoJSON kuwa, wato tsarin rubuta bayanan wurare, bisa ƙa'idar RFC 7946 ta 2016, longitud ne a gaba, haka ma MapLibre, wata manhajar nuna taswira. Ɗauki Paris, 48.86 arewa, 2.35 gabas. Ka juya lambobin nan, alamarka ta faɗa tekun Indiya, gabas da gaɓar Somaliya. Kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai fito, don duk lambobin halastattu ne. Kai za ka kalli allo, ka ga Paris tsamo-tsamo cikin ruwa, ka yi dariya ka gyara. Shi wakili da ya ga shiru sai ya ce aiki ya kammala.

Injiniya: To ai a rubuce yake a takardun biyu. Wanda bai karanta ba shi ke da laifi.

Malama: A rubuce yake, amma a ina? Shi wakili guntun shafi yake tsinkowa, wanda ya yi kama da abin da aka tambaye shi. In gargaɗin yana can wani shafin, tamkar babu shi ne.

Auta: Manya, a yi mini afuwa in tsoma baki. Ba don wannan Jeremy Howard ya kawo shawarar fayil ɗin llms.txt, mai nuna wa wakili inda takardu suke, a Satumban 2024 ba? Na ga masu auna irin waɗannan takardu suna ba da maki a kan haka: akwai llms.txt? Ana samun shafukan a Markdown, wato rubutu mai sauƙin tsari? Akwai sabar MCP, wato ƙofar da wakili ke bi ya nemi bayani kai tsaye? Ni sai na ga ma'aunin ya yi.

Malam: Auta, ya yi, amma abin da yake aunawa shi ne sauƙin isa ga takardar. Bai ce komai a kan abin da ke cikinta ba. Shi llms.txt jerin adireshi ne da ɗan taƙaitaccen bayani. Abin da ya fi damuna tsofaffin misalai. Google ta ayyana google.maps.Marker, umarnin sanya alama a taswirarta, a matsayin tsohon yayi tun Fabrairun 2024, ta ce a koma AdvancedMarkerElement, amma intanet cike take da misalan da. Mapbox ta sauya lasisin manhajar taswirarta, GL JS, a Disamban 2020, aka ɓalle aka kafa MapLibre daga sigar farko, kuma kod ɗinsu ya yi kama sosai har wakili kan cakuɗa su. GDAL 3 ma, manhajar sarrafa bayanan taswira, a 2019 ta sauya yadda take jera latitud da longitud wajen sauya tsarin ma'auni. Shafin da bai faɗi sigar da yake magana a kanta ba, ni sifiri zan ba shi, ko da llms.txt goma ya ajiye.

Injiniya: Malam, wannan ai matsalar horon da aka yi wa na'urar ce. Marubucin takarda ina ruwansa?

Malam: Da ruwansa, tunda layi ɗaya a saman shafi ya isa ya kashe maganar.

Malama: Ni ma'aunina a ba wakilin aikin da aka san amsarsa. A ce ya auna nisan Paris zuwa Landan, wanda kusan kilomita 344 ne, da PostGIS, manhajar ajiye bayanan wurare da lissafa su. In ya kira ST_Distance, umarnin auna nisa, a kan nau'in geometry mai lamba 4326, wato tsarin latitud da longitud, wajen 3.6 zai samu, don digiri ta lissafa masa. Sai ya yi amfani da geography sannan ta ba shi mita. In ya dawo maka da 3.6 yana murna, takardar nan ba ta yi masa rana ba.

Auta: Akwai na Nominatim ma, manhajar da ake ba adireshi ta nuna wurinsa a taswira. Dokarsu kada a wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa, kuma dole manhaja ta bayyana kanta, amma dokar tana shafi daban. Wakili ya antaya adireshi dubu a lokaci guda, a toshe mai aikin.

Injiniya: Na ji na Nominatim. Amma Malama, jarrabawarki wa take aunawa, takardar ko ƙwaƙwalwar wakilin? Wani ya riga ya haddace PostGIS, ko ba takarda zai ci.

Malama: Sai a gwada wakili ɗaya sau biyu, da takarda da kuma babu. Bambancin shi ne makin takardar.

Injiniya: In kuma aka ba shi damar ɗaukar hoton allo ya ga Paris ɗinsa a teku fa? Rabin hujjarki ta tafi.

Malama: Ta Paris ta tafi. Amma hoton allo ba zai nuna masa cewa 3.6 digiri ce ba kilomita ba.