Yaya ake gane ko dalma ta shiga jinin yaro?

Uwar yara daga Anka:
Assalamu alaikum. Maigidana yana aikin haƙar zinariya, kuma kullum yakan dawo da ƙura a tufafinsa, yaranmu biyu su rungume shi tun kafin ya yi wanka. Ba su nuna alamar ciwo ba, amma hankalina bai kwanta ba. Shin akwai gwajin da zai nuna mini gaskiya?

Ma'aikacin lafiya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai, kuma da jini ake yin sa. Ana ɗaukar ɗigo kaɗan daga yatsa bayan an wanke hannun yaron sosai, domin ƙurar da ke kan fata tana iya ɓata sakamakon. Idan adadin dalma ya yi yawa, sai a tabbatar ta hanyar gwada jinin jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikurogiram 5 na dalma a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini ya kamata a nemo inda gubar take fitowa, daga 45 kuma likita ya duba batun maganin da ke fitar da ita. Rashin alama ba shaidar lafiya ba ne.

Dattijo daga Bukkuyum:
'Yata, kada ki yi jinkiri. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a tsakar gida, inda yara suke rarrafe. Dalma tana barin jini ta koma ƙashi ta zauna shekaru, don haka a maimaita gwajin bayan lokaci, maigida kuma ya riƙa sauya kaya a wurin aiki.